Laureola mai taurin zuciya ce ko mai tsira da ranta? Muhawara kan labaran bege na tsohuwar Sifaniya

Malama Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu baje ta a faifai. Duk wanda ya karanta Cárcel de amor, wato Kurkukun So, na Diego de San Pedro, wanda aka buga a Sevilla a 1492, ya san yadda ya ƙare: Leriano ya daina ci da sha har ya mutu, saboda Laureola, 'yar Sarkin Masidoniya, ta ce kada ya sake aiko mata da wasiƙa. An daɗe ana koyar da littafin a matsayin labarin masoyi na gari da mace marar tausayi. Ban yarda da wannan karatun ba. A bi abin da ya same ta daki-daki. Wasiƙa kawai ta amsa, ita ma sai da aka yi ta naci. Persio, wani bafade da shi ma yake son ta, ya je ya gaya wa sarki wai suna haɗuwa da dare. Aka kulle ta, aka yanke mata hukuncin kisa, kuma uban da ya haife ta ne ya yanke. Saura ƙiris a zartar. Wadda ta ga haka da idonta, in ta ce a shafa mata lafiya, taurin zuciya ne?

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam, Malama. Ina bayanki, kuma hujjar tana cikin kalma guda. Laureola ba ta taɓa rubuta cewa tana son Leriano ba. Kalmar da take maimaitawa ita ce piedad, tausayi. Wanda ya mayar da tausayin nan so shi ne mai ba da labarin, wanda littafin ke kira El Auctor. Shi ne ɗan aike, shi ke kai wasiƙa ya kawo, shi ke kallon fuskarta ya ga ta sauya launi ko muryarta ta yi rawa, sai ya koma ya ƙarfafa wa Leriano gwiwa. Shi da bakinsa ya faɗa cewa abin da ya biyo baya ya nuna tausayi ne ya fi yawa a cikin alamomin nan, ba so ba. Kuskuren da ɗalibi ke fara yi shi ne ya ɗauki Auctor a matsayin alƙali. Ba alƙali ba ne, yaron Leriano ne a cikin labarin, har shawarar yaƙi yana ba shi.

Malam Nasiru: Ku yi haƙuri, zan ɗan ja da ku. Kada a mayar da littafin abin da ba shi ba ne. A kan gadon mutuwa, da abokinsa Tefeo ya fara aibata mata don ya huce masa zuciya, Leriano ya tashi ya kawo dalilai 15 da ke nuna mai zagin mata ya yi kuskure, da wasu 20 na abin da ya sa maza ke da bashin mata a wuyansu, sannan ya jero misalan mata nagari. Wannan fa zamanin da Corbacho na Alfonso Martínez de Toledo, wanda aka kammala a 1438, ke yawo a hannun mutane cike da zagin mata. Marubucin da ya ba jaruminsa kalaman ƙarshe na kare mata, ai ya nuna inda ya tsaya.

Hajiya Binta: Malam Nasiru, a karanta dalilan 20 ɗin ɗaya bayan ɗaya a ga wa suka amfana. Mata suna sa namiji ya samu hankali, adalci, kamun kai da ƙarfin zuciya. Suna kai shi ga imani da fata da ƙauna. Suna sa shi tsafta, ya iya sa tufafi, ya iya magana, ya iya waƙa da kiɗa, ya yi jarumta a filin daga. Kusan duka ribar namiji ce. Macen ita ce dutsen wasa wuƙa, wuƙar kuwa tasa ce. Sai misalan: Lucrecia ta Rum da ta kashe kanta bayan an keta mata haddi, da María Coronel ta Kastila da ta gwammace wuta a kan ta zubar da mutuncinta. Yabon da ma'auninsa shi ne mace ta mutu kafin a ce ta yi abin kunya, shi ne dai ma'aunin da Sarki Gaulo, uban Laureola, ya ɗora 'yarsa a kai. A nan ne littafin ya ɗaure kansa da kansa: in Leriano ya yi gaskiya cewa darajar mace tana cikin tsare kanta, to Laureola ta yi daidai da ta ƙi shi.

Malam Nasiru: Na karɓi wannan ta ƙarshen. Amma ba na ganin San Pedro bai lura da ita ba. Ina ganin ita ce ma ginshiƙin littafin.

Dakta Bashir: Kuma yabon mata da zagin mata a fadar Kastila ba lallai ba ne su zama aƙidar mai yi. Fage ne na gwada iya magana. Juan Rodríguez del Padrón ya rubuta Triunfo de las donas ya sadaukar ga Sarauniya María, matar Juan na II. Álvaro de Luna, wanda ya fi kowa ƙarfi a fadar, ya kammala littafinsa na mata masu nagarta a 1446. Diego de Valera ma ya yi nasa. A ɗaya ɓangaren ga baitocin Pere Torroella na aibata mata, waɗanda mawaƙa suka yi ta mayar wa martani shekara da shekaru. Duk maza ne ke jayayya da maza a kan mata. Kafin a ce wane mai kare mata ne, a fara tambaya: wa ya sadaukar wa littafin, me yake nema a fada, wa yake mayar wa martani?

Malama Rabi: Tunda an ambaci Torroella, dole mu shiga Juan de Flores, domin Grisel y Mirabella ya fi Kurkukun So fito da maganar fili. Ga yadda aka gina shi. Sarkin Sukotlan ya ɓoye 'yarsa Mirabella saboda jarumai na hallaka a kan sonta. Grisel ya samu hanyar shiga wurinta, wata baiwa ta tona asiri. Dokar ƙasar ta ce wanda ya fi laifi a cikin biyun a ƙone shi, ɗayan a kore shi daga ƙasa. Aka tambaye su, aka azabtar da su, kowa na cewa shi ne mai laifin don ya ceci ɗan'uwansa. Da abin ya gagara, sai aka sauya tambayar: tsakanin maza da mata gaba ɗaya, wa ya fi jawo ɗan'uwansa ga ɓarna? Aka kawo Braçayda ta tsaya wa mata, aka kawo Torrellas, wato Torroella ɗin nan na gaske an mayar da shi ɗan wasa, ya tsaya wa maza. Alƙalai suka ba maza gaskiya. A lura da abin da ya faru a nan: an bar binciken abin da mutum biyu suka aikata, an koma yi wa jinsi guda shari'a, sannan aka ɗora hukuncin a kan yarinya ɗaya. Braçayda ta faɗi abin da yake a fili, cewa maza ne suka yi dokar, su ne masu ƙara, su ne alƙalai. Grisel ya faɗa wutar da aka hura don Mirabella, ita kuma daga baya ta faɗo da kanta ta taga cikin farfajiyar da zakunan ubanta suke.

Hajiya Binta: Ki ƙarasa, Malama, don ƙarshen ne ya raba kan masana.

Malama Rabi: Torrellas ya kamu da son Braçayda ya aika mata wasiƙa. Ta kai wa sarauniya, uwar Mirabella. Suka yi masa tarko, suka ɗaure shi, suka toshe masa baki, suka kwana suna azabtar da shi, suka ci abincin dare a gabansa suna lissafa masa laifuffukansa, da safe suka ƙone shi, kowacce ta ɗebi tokarsa ta adana. Barbara Matulka, a littafinta na 1931 kan Flores da yaɗuwar ayyukansa a Turai, ta ɗauke shi a matsayin mai goyon bayan mata. Waɗanda suka zo daga baya da yawa sun ce a'a, wannan ƙarshen tabbatar da zargin Torrellas ya yi, tunda ya nuna mata a matsayin marasa imani. Har sunan Braçayda ma daga labarin yaƙin Taruwada (Troy) aka ɗauko shi, sunan matar da aka sani da juya wa masoyinta baya. Patricia Grieve, a littafinta na 1987, ta bi ta wata hanyar: ta duba yadda sha'awa ke haifar da gasa, gasa ta haifi zubar da jini, har al'umma ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi.

Malam Nasiru: Ni abin da na fi riƙewa shi ne, Flores bai bar kowa da wanki ba. Sarki ya bi doka ya rasa magajiyarsa. Sarauniya ta rama ta hanyar da ba doka. Kuma binciken Joseph Gwara da Carmen Parrilla ya danganta Flores da Jami'ar Salamanca da aikin rubuta tarihin sarauta a zamanin Isabel da Fernando. Mutum ne da ya san jayayyar makaranta, inda ake ba ɗalibi ɓangare ya kare ko da bai yarda da shi ba.

Malam Auwal: Ina da tambaya ga malamai. Wannan suna novela sentimental, wato labarin bege, da ake kiran irin waɗannan littattafai da shi, su marubutan ne suka sa wa kansu?

Dakta Bashir: A'a, Malam Auwal. Su kan kira abin da suka rubuta tratado, kalmar da ake sa wa rubutu iri-iri a lokacin. Marcelino Menéndez Pelayo ne ya kafa wannan rukunin a juzu'in farko na Orígenes de la novela a 1905. Keith Whinnom ya fitar da jerin littattafan da nazarce-nazarcen da aka yi a kansu a 1983, ya sa iyaka daga 1440 zuwa 1550. Farkon shi ne Siervo libre de amor na Rodríguez del Padrón, na ƙarshe kuma galibi ana cewa Proceso de cartas de amores na Juan de Segura, 1548, wanda kusan dukkansa wasiƙu ne. Matsalar ita ce ba a taɓa daidaitawa kan adadinsu ba, kowane masani da nasa jerin. Regula Rohland de Langbehn ta yi ƙoƙarin nuna cewa rukuni guda ne. Abubuwan da aka fi kafa hujja da su: gajeru ne, akwai mai ba da labari da ke cewa "ni", akwai wasiƙu, akwai baitoci a tsakiyar zube, akwai siffanta halaye a matsayin mutane ko gine-gine, kuma ba a ƙarewa da aure. Amma ka ɗauki kowane littafi ka gwada, za ka ga ya rasa ɗaya ko biyu.

Hajiya Binta: Barbara Weissberger ta kawo suka mai nauyi a kan sunan kansa. Ta ce raba labaran zamanin gida biyu, na jarumta a nan, na bege a can, rabon maza da mata ne aka shigo da shi ta bayan gida: na jarumta manya ne na fili, na bege ƙanana ne na cikin ɗaki. To a buɗe Kurkukun So a ƙirga shafuka. Akwai takardar ƙalubale tsakanin Persio da Leriano, akwai fito-na-fito a gaban sarki inda Leriano ya sare wa Persio hannun dama, sarki ya tsayar da faɗan kafin a kai ƙarshe. Akwai shaidun zur uku da aka saya. Akwai roƙon Kadinal da amsar sarki kan ko mai mulki zai iya sassauta doka. Akwai fasa kurkuku da dakaru don a fitar da Laureola, akwai ƙawanya a Susa, garin Leriano, har aka kama ɗaya daga cikin shaidun ya faɗi gaskiya. Babban yanki na littafin shari'a ce da yaƙi. Wanda ya shiga da sunan "labarin bege" a kansa, tsallake wannan yankin zai yi.

Malam Nasiru: Francisco Márquez Villanueva ya riga ya kira shi littafin siyasa tun 1966. Sarkin da ke yanke hukunci da shaidar ƙarya ba ya sauraren kowa, a Sevilla, shekara goma sha ɗaya bayan kotun binciken aƙida ta fara ƙone mutane a garin a 1481. Sai dai a yi hattara da masu gina wannan karatun a kan cewa San Pedro daga zuriyar Yahudawan da suka shiga Kiristanci yake. Whinnom ya nuna takardun da aka dogara da su ba su tabbatar da cewa wannan Diego de San Pedro ɗin suke nufi ba. Abin da yake tabbas shi ne ya yi wa gidan Téllez-Girón hidima, kuma labarin ya ƙare da Auctor ya koma Peñafiel, wani gari a Kastila.

Malama Rabi: Akwai siyasar da ta fi wannan kusa. Isabel ta hau gadon Kastila a 1474, aka yi yaƙi har 1479 da magoya bayan Juana, wadda abokan gaba suka ce ba 'yar Enrique na IV ba ce, 'yar Beltrán de la Cueva ce. Wato jita-jita a kan mutuncin uwa ta raba 'ya da sarauta. Masu karatu na 1492 sun ga wannan a rayuwarsu. A wasiƙarta ta ƙarshe Laureola ta yi wa Leriano alkawarin in ya rayu har bayan ubanta, za ta ɗaukaka shi, ta ninka masa dukiya da matsayi. Mai jiran gado ce ke magana. Za ta iya ba shi komai ban da abu guda, domin in ta aure shi ta gaskata Persio.

Malam Auwal: Na gode. Wata tambayar: sau da yawa ana cewa soyayyar fada daga Larabawan Andalus Turawa suka koya, ana ambatar Ibn Hazm. Yaya gaskiyar abin a nan?

Dakta Bashir: A rarrabe abu biyu. Na farko, "soyayyar fada" suna ne da Gaston Paris ya yaɗa a 1883 yana nazarin labarin Lancelot, C. S. Lewis ya ƙara masa ƙarfi a 1936, D. W. Robertson kuma ya musa cewa an taɓa yin wani tsari mai wannan suna. Don haka ba wata doka ce rubutacciya da mawaƙa ke bi ba. Ɗauƙul Hamama na Ibn Hazm, wanda ya rubuta a Shaɗiba a ƙarni na 11, yana da babi kan ɗan aike, kan wasiƙa, kan ɓoye sirri, kan mai tsegumi, duk abubuwan da ke cikin Kurkukun So. Amma kama da wane ba ta wane. Littafin ya iso mu ne ta kwafi guda tak da ke Leiden, kuma babu shaidar San Pedro ko Flores sun san shi.

Na biyu shi ne inda silsilar take a bayyane, wato likitanci. Ibnul Jazzar, likitan Ƙairawan, garin marubucin littafin Risala kuma zamaninsu ɗaya, ya rubuta Zadul Musafir, a ciki akwai babi kan ishƙi a matsayin cuta. Constantine ɗan Afirka ya juya shi zuwa Latin a ƙarni na 11 da sunan Viaticum, aka yi ta karantar da shi a jami'o'i. Mary Wack ta bi wannan tarihin a littafinta na 1990. Ga yadda likitocin suka bayyana cutar, wadda suka kira amor hereos: ido ya ga sura, ƙarfin da ke auna abubuwa a ƙwaƙwalwa ya yi kuskure ya ɗauke ta ta fi komai, sai tunani ya maƙale a kanta. Daga nan barci ya ƙaura, abinci ya fita a rai, idanu su zurma, jiki ya bushe, bugun jini ya rikice in an ambaci sunan. In ba a yi magani ba, hauka ko mutuwa. Maganin: tafiya, aiki, kiɗa, hira da abokai, da kuma a samu wanda zai yi ta kushe matar a gaban majinyacin. Lilio de medicina na Bernardo de Gordonio, da aka buga da Sifaniyanci a Sevilla a 1495, ya kawo wannan na ƙarshen.

Hajiya Binta: Wannan ya sauya fuskar Tefeo ke nan. Ba mugun baki ne ya kawo shi ba, magani ya zo yi kamar yadda littafin likita ya tsara. Dalilai 15 da 20 ɗin kuma majinyaci ne ke ture ƙoƙon magani. Pedro Cátedra ya nuna a 1989 yadda irin wannan ilimin so na jami'a, musamman a Salamanca, ya shiga cikin adabin. Malam Nasiru, ka ga abin da ya sa ba na ɗaukar jawabin a matsayin muryar marubuci kai tsaye.

Malam Nasiru: Na gani. Amma masu karatu na lokacin sun ɗauke shi da gaske, har Fernando de Rojas, marubucin Celestina, ya mallaki kwafi, kuma kukan Pleberio kan mutuwar 'yarsa a ƙarshen Celestina yana da dangantaka da kukan uwar Leriano. San Pedro kansa da ya tsufa ya yi nadamar littafin a Desprecio de la Fortuna, ya kira shi miyar da ke sa zunubi daɗi. Ba a tuba daga abin da ba a ga yana tasiri ba.

Malam Auwal: Shan wasiƙun Laureola da Leriano ya yi kafin ya mutu fa? Da na karanta sai rubutun sha ya faɗo mini a rai.

Malama Rabi: Kamar ta tsaya a ido ne kawai, Malam Auwal, don shi ba waraka yake nema ba. Littafin ya faɗi dalilinsa. In ya yayyaga su ya zubar, ya wulakanta kalamanta. In ya ba wani amana, ana iya gani. Sai ya yayyaga su cikin ƙoƙon ruwa ya shanye. Masana sun ga inuwar jibin Kirista a ciki, wasu sun tuna Artemisia da ta sha tokar mijinta. Ni abin da na fi gani shi ne, sai a wannan lokacin ya yi abin da ta roƙe shi tun wasiƙar farko, wato kada kowa ya ga rubutunta, domin takarda shaida ce da za a iya kashe ta da ita.

Dakta Bashir: Ga mai son ya yi nazari, ga wuraren da ake zamewa. Shekarar bugu ba ita ce shekarar rubutu ba. An buga Arnalte y Lucenda, ɗayan labarin San Pedro, a Burgos a 1491, Kurkukun So a 1492, amma tazarar rubuta su ta fi shekara guda, kuma salon ya shaida: na farkon cike yake da jimloli irin na Latin masu kai aikatau ƙarshe, na biyun an rage an tace. San Pedro ya faɗa a gabatarwar Kurkukun So cewa Doña Marina Manuel ce ta nuna ta fi son salon wata huɗuba da ya rubuta kan so a kan na wani rubutunsa, wanda ake ganin Arnalte ne. Mace mai karatu ce ta sa ya gyara alƙalami, wannan ma hujja ce a maganar jinsi. Sannan wasiƙun a auna su da ƙa'idar rubuta wasiƙa ta zamanin mai sassa biyar: gaisuwa, neman yardar mai karɓa, bayani, buƙata, rufewa. A duba sashen buƙata a kowace wasiƙa, nan ake gane abin da kowa ke nema. Fassara kuma ba madubi ba ce. An juya Kurkukun So zuwa Katalanci a 1493, Lelio Manfredi ya yi na Italiyanci don Isabella d'Este, Lord Berners ya yi na Ingilishi. Grisel ya zaga Turai da sunan Aurelio da Isabella, har ana buga shi da harsuna da yawa jere a shafi don koyon yare. Kada a kafa hujja kan Flores da jimlar da mai fassara ya ƙara. A nemi bugun Whinnom ko na Parrilla don San Pedro.

Hajiya Binta: Saura guda, kuma ita ta fi kama mutane. Daga 1496 an riƙa buga Kurkukun So haɗe da ci gaban da Nicolás Núñez ya rubuta, fassarar Berners ma da shi ta tafi. A can ne Laureola ke kuka, take nuna mutuwar ta ci mata rai fiye da yadda ta bari a gani, har Auctor ya yi mafarkin su biyun suna magana, kowa sanye da tufafi masu ɗauke da baitoci. Duk wanda ya ce maka Laureola ta amsa tana son Leriano, ka tambaye shi a wane shafi ya gani. In bayan shan wasiƙun ne da komawar Auctor Peñafiel, to ba San Pedro yake karantawa ba, Núñez ne.

Malama Rabi: Malam Nasiru, mako mai zuwa sai ka buɗe mana Grimalte y Gradissa, ɗayan littafin Flores. Gradissa ta ƙi Grimalte ne bayan ta karanta abin da ya sami Fiammetta a littafin Boccaccio, har ta tura shi ya je ya nemo ta ya sasanta ta da masoyinta Pánfilo. Ina so mu duba wasiƙarta ta ƙarshe kusa da ta Laureola.

Malam Nasiru: In sha Allahu. Kowa ya karanta har zuwa mutuwar Fiometa, wato Fiammetta ɗin, kafin lokacin.